TAFIN DA AKA YI WA SALAHUDDIN A SINIMA



Makon jiya, bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin magariba da isha'i, wani matashi cikin ɗalibanmu ya biyo ni har ƙofar masallaci da waya a hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, don Allah ka kalli wannan, bai fi minti ɗaya ba." Na karɓa. Wani guntun fim ne: Salahuddin Al-Ayyubi ya shiga Baitul Maƙdis bayan ya ci garin, yana tafiya shi kaɗai, sai ya ga gicciye a yashe a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka, ya tsayar da shi a kan tebur cikin girmamawa. A ƙasan bidiyon wani ya rubuta cewa ga shi nan, Turawa da kansu sun shaida adalcin Musulunci.

Yaron ya ce, "Malam, haka aka yi ko?"

Na ce masa, "A'a ɗana, wannan marubucin fim ne ya ƙirƙiro."

Wallahi sai na ga fuskarsa ta canza, kamar na ƙwace masa wani abu nasa. Wannan canjin fuskar ne ya hana ni sakat, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Fim ɗin sunansa Kingdom of Heaven. Wani darakta ɗan Ingila, Ridley Scott, ya shirya shi, ya fito a watan Mayu na 2005. A Maroko da Sifen aka ɗauke shi, an kashe masa wajen dala miliyan 130. Labarin shekarun ƙarshe ne na mulkin 'yan Salibiyya a Ƙudus, har zuwa 1187 lokacin da Salahuddin ya karɓe birnin. Ghassan Massoud, ɗan wasan Siriya, shi ya fito a Salahuddin, Orlando Bloom kuma ya fito a Balian, mutumin da ya jagoranci kare garin. Kafin wani ya turo mini saƙo: ba fatawar kallo nake bayarwa ba. A cikinsa akwai wuraren da ba su dace ba, har da ƙawata soyayya da matar aure. Na kalle shi shekarun baya don tambayoyi irin na yaron nan, inda ya kamata in tsallake na tsallake. Abin da ya dame ni yau shi ne yadda mutane suka karɓe shi, domin a nan na ga hotonmu.

Ku tuna lokacin da ya fito. A 2001 shugaban Amurka George Bush ya furta kalmar yaƙin Salibiyya yana magana kan yaƙi da ta'addanci, duniyar Musulmi ta ɗau zafi. A 2003 aka mamaye Iraƙi. Duk wanda zai yi fim a kan Salahuddin a irin wannan yanayi ya san ƙaya zai taka.

Tun kafin kowa ya ga fim ɗin, har an yanke masa hukunci sau biyu, kuma hukunce-hukuncen kishiyoyin juna ne. A farkon 2004, ana kan ɗauka, Farfesa Jonathan Riley-Smith na Jami'ar Cambridge, ɗaya daga manyan masana tarihin Salibiyya a Ingila, ya shaida wa jarida cewa labarin shirme ne, tarihi ne irin wanda Usama bin Ladan zai so a faɗa, kuma zai ƙara wa masu tsattsauran ra'ayi ƙarfi. A shekarar dai, Farfesa Khaled Abou El Fadl, Musulmi malamin shari'a a Jami'ar California, ya karanta rubutun fim ɗin ya ce zai koya wa mutane ƙin Musulmi. Ka ji fa! Abu ɗaya, wannan ya ce an yi wa Musulmi fadanci, wancan ya ce an ci mutuncinsu. Dukkansu masu ilimi ne, ban raina kowa ba. Amma kowannensu tsoron da ke ransa ya fara gani kafin ya ga fim. Da aka nuna wa ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka kafin fitowarsa, sai ta ce ta ga an yi adalci, an nuna Musulunci da fuska mai kyau.

Da ya fito, masu sharhin fina-finai a Amurka suka rabu, mafi yawansu ba su yaba ba. Wasu sun ce labarin tsalle-tsalle yake yi, ba a gane dalilin da ya sa mutanen ciki suke yin abin da suke yi. Wasu sun ce jarumin bai cika rigar da aka sa masa ba. Akwai waɗanda suka yaba, kamar Roger Ebert, amma kasuwa ba ta bi su ba: abin da ya samu a Amurka bai wuce kimanin dala miliyan 47 ba. A sauran duniya ne ya yi kasuwa, har jimillar ta haura dala miliyan 200.

Sai kuma Bairut. Ɗan jaridar nan Robert Fisk ya rubuta a jaridar Independent cewa ya kalli fim ɗin a wata sinima a can, kuma da aka zo daidai wurin da yaron nan ya nuna mini, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi da sowa. Ni ban ga laifin zukatansu ba. Mutane ne da suka sha yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990, Musulmi da Kirista, unguwa da unguwa. Kuma sun gaji da ganin Balarabe a fina-finan Amurka ba ya fitowa sai da bam a ƙugu. Rana ɗaya suka ga an nuna shugaban Musulmi mai kwarjini, mai cika alkawari, mai girmama abin da maƙwabcinsa yake girmamawa. Wanda ya daɗe da ƙishi ba ya tsayawa duba ƙwarya. Da ina cikin zauren nan, da wuya in ce idona ba zai kawo ruwa ba.

Amma tambayar tana nan, kuma ita ce ta kawo ni: idan ƙarya ta yabe mu, ya halatta mu karɓa mu yaɗa?

Kafin in amsa, akwai wani abu da ya faru da fim ɗin wanda ya kamata ku sani. Abin da aka nuna a sinima minti 144 ne. Ashe kamfanin 20th Century Fox ya sa an datse kusan minti 45, don kada ya yi tsawo. A ƙarshen 2005 zuwa 2006 daraktan ya fitar da cikakkensa, wanda ya haura awa uku. Sai ga da yawa daga masu sharhi sun juya, suna cewa ai wannan wani fim ne daban. A cikakken ne aka gane cewa limamin cocin da Balian ya kashe a farko ɗan uwansa ne na jini. A nan ne kuma aka dawo da labarin ɗan sarauniya Sibylla, wanda aka cire gaba ɗaya, shi ya sa a na sinima matar take kama da wadda ta zare ba dalili. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, an zage shi a watan Mayu, an yabe shi bayan shekara, abin da ya shiga tsakani almakashi ne kawai.

Su masu sharhin suna da uzuri, don an miƙa musu guntu an ce shi ne duka. Mu fa? Mu mun san guntu ne. Malami zai yi karatun awa biyu, wani ya yanko daƙiƙa 40, kafin asuba an kafirta shi ko an mai da shi waliyyi. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Galibinmu sai labarin ya zo da zaginmu muke tuna wannan ayar. In ya zo da yabonmu, ba a neman isnadi. Yaron nan minti ɗaya ya gani cikin awa uku, ya gina hujjar addini a kai.

To me ya faru a zahiri? Bayan yaƙin Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187, inda aka karya rundunar 'yan Salibiyya, Salahuddin ya kewaye Ƙudus. Malaman tarihinmu, irin su Ibnul Asir, sun ruwaito cewa da farko ya ƙi sulhu, yana son ya ci garin da takobi kamar yadda aka ci shi a 1099, lokacin da aka yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan kiyashi. Balian ya yi barazanar cewa in an ƙure su za su kashe fursunonin Musulmi dubbai da ke hannunsu, su rushe Ƙubbatus Sakhra da Masallacin Aƙsa, sannan su fito su yi faɗan mutuwa. Salahuddin ya yi shawara da manyan kwamandojinsa, aka yi sulhu. An miƙa garin ranar Juma'a 2 ga Oktoba 1187, daidai da 27 ga Rajab 583.

A fim, kowa ya fita kyauta aka raka shi bakin teku. A tarihi kuɗin fansa aka sa: namiji dinari 10, mace dinari 5, yaro dinari 1 ko 2 gwargwadon riwaya, cikin kwana 40. Balian ya biya dinari 30,000 a dunƙule don dubban talakawa. Ɗan uwan Salahuddin, Al-Adil, ya roƙi a ba shi mutum 1,000 ya 'yanta su nan take, Salahuddin da kansa ya saki tsofaffi da wasu da yawa. Babban limamin cocin birnin ya fita da dukiyar coci maƙil, ya biya dinarinsa 10 kamar kowa, aka ba Salahuddin shawarar ya ƙwace ya ƙi, don ya riga ya ba da amana. Duk da haka, kimanin mutum 15,000 da ba su iya biya ba sun shiga bauta. Bayan Hiɗɗin kuma ya sa an kashe mayaƙan ƙungiyoyin Templar da Hospitaller da aka kama. Gicciyen zinaren da aka kafa a kan Ƙubbatus Sakhra kuwa sauke shi aka yi, Musulmi suna kabbara, Kiristoci suna kuka.

Na san wasunku ba su ji daɗin wannan sakin layin ba. Ni ma ban rubuta shi ina murmushi ba. Amma namu ne suka rubuta shi, mutanen da suka zauna da shi suka ci abinci da shi, kuma ba su ga ya rage masa daraja ba. Ba a yi kisan kiyashi a Ƙudus a 1187 ba, alhali shekara 88 kafin nan jini ya malala a titunanta. Wannan kaɗai ya isa a jinjina wa mutum, ba sai mun yi masa ƙarin gishiri ba. Bayan shekara huɗu, a 1191, Richard sarkin Ingila ya sa aka yanka fursunonin Musulmi wajen 2,700 a Akka. Zamanin da Salahuddin ya rayu ke nan, kuma a ma'aunin zamanin ne ake ganin girman abin da ya yi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gaskiyar ta fi ƙirƙirar kyau. Bayan an ci garin, wasu sun ba shi shawarar a rushe Cocin Ƙiyama, wurin da Kiristoci suka fi girmamawa a duniya, don a yanke kwaɗayin Turawa. Aka ƙi wannan shawara, aka kafa hujja da cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya bar musu shi lokacin da ya karɓi birnin. An rufe cocin 'yan kwanaki, aka sake buɗewa. Kiristocin gabas suka ci gaba da zama, Yahudawa kuma aka bar su suka dawo. Ɗaga gicciye ɗaya daga ƙasa aikin daƙiƙa biyar ne. Barin coci a tsaye alhali kana da iko, jama'arka suna cikin fushi, kuma ka jingina hukuncinka da sunnar Umar, wannan fiƙihu ne da haƙuri. Shi muka bari muka kama na sinima.

Malaman hadisi sun gama da wannan mas'alar tuntuni. An yi wasu mutane masu kama da salihai da suka riƙa ƙirƙirar hadisai na falala, suna cewa su ai don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suke yi, ba don su cutar da shi ba. An ruwaito cewa Nuhu ɗan Abu Maryam ya amsa cewa shi ya ƙirƙiri falalar surori ɗaya bayan ɗaya, saboda ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun shagala da fiƙihu da labaran yaƙe-yaƙe. Niyyarsa a bakinsa mai kyau ce. Malamai ba su ce a bar shi tunda alheri yake nufi ba, sun saka shi cikin maƙaryata, har yau a nan yake. In ba a yarda a yi ƙarya don a kwaɗaitar da karatun Alƙur'ani ba, ta ina za a yarda a yi ta don a burge mutane da Salahuddin?

Wani zai ce, haba Malam, fim ne fa, kowa ya san wasa ne, ba littafin tarihi ba. Na yarda. Mai fim yana da 'yancin tatsuniyarsa, kuma ba shi ya fara ba. Tun 1825 Walter Scott ya yi wa Turawa nasa Salahuddin a littafin The Talisman, a 1963 kuma Yusuf Shahin ya yi wa Masar nata, wanda ya fi kama da Jamal Abdun Nasir mai kishin Larabawa, alhali mutumin Bakurde ne haifaffen Tikrit. Kowane zamani yana ɗinka masa rigar da yake so. Matsalar tana farawa ne ranar da ka ɗauko tatsuniyar ka rubuta a ƙasanta cewa shaida ce. Daga nan ta tashi daga wasa ta koma riwaya, kai kuma ka zama mai riwayar.

Adalci kuma ya sa in ce Riley-Smith bai yi kuskure a komai ba. Fim ɗin ya mai da wasu Kiristocin ciki dodanni marasa hankali. Ya nuna Guy sarkin Ƙudus da Reynald kamar su ne jagororin Templar, alhali babu ɗayansu da ke cikin ƙungiyar. Shi Reynald ba a yi masa ƙazafi wajen ha'inci ba: ya tura jiragen yaƙi cikin Bahar Maliya suka far wa alhazai da 'yan kasuwa, ya kai wa ayari hari ana cikin yarjejeniya, kuma Salahuddin da hannunsa ya kashe shi bayan Hiɗɗin. Amma inda aka ƙara musu baƙi, wajibi ne mu ce an ƙara. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Laifi tudu ne, in aka ɓata mu a fim sai mu yi ta ihu, in aka ɓata wasu don a gyara mu sai mu yi tafi.

Akwai kuma abin da tafin ya hana mu gani, wanda a wurina ya fi duk waɗannan nauyi. Ka duba su waye mutanen kirki a fim ɗin, su waye miyagu. Duk wanda bakinsa bai rabuwa da ambaton Allah, ko dai matsoraci ne, ko mai kwaɗayin jini: limamin coci, mayaƙan Templar, har da malamin da ke gefen Salahuddin yana zuga shi. Duk mutumin kirki kuwa za ka same shi yana ɗari-ɗari da addini. Saƙon a fili yake: zaman lafiya yana samuwa ne idan kowa ya sassauta imaninsa. Salahuddin na fim yana da kirki duk da addininsa. Na tarihi, kamar yadda alƙalinsa Ibn Shaddad ya siffanta shi, mutum ne mai tsare sallar jam'i, mai son sauraron hadisi, mai zubar da hawaye idan ana karanta Alƙur'ani, wanda ya gina makarantu a Masar da Sham, ya rasu a Dimashƙa a 1193 bai bar komai a taskarsa ba sai dirhami 47 da dinari ɗaya. Daga nan rahamarsa ta fito. An ba mu shi an zare masa wannan jijiyar, mu kuma muka karɓa da godiya, don dai Bature ne ya miƙo. (Wuri ɗaya na yaba: inda yake nuna wa malamin cewa nasara daga Allah take, amma sai da shiri da ruwa da lafiyar runduna. Wannan kam tsantsar riƙo da sababi ne, ba raunin imani ba.)

Me ya sa yabon bare yake mana daɗi haka? Littattafan Ibn Shaddad da Imadud Din da Ibnul Asir suna nan shekara 800, ba mu buɗe ba. Sai da kyamarar wani ta ce mana kakanmu mutumin kirki ne sannan muka miƙe tsaye. Wanda yake jiran wani ya tabbatar masa da darajarsa, ranar da wancan ya canza ra'ayi sai ya rushe. Kuma masana'antar da ta yi wannan fim ita ce ta yi waɗancan da muke kuka da su.

Ban bar yaron nan ya tafi da fuska a murtuke ba. Na zaunar da shi a kan dakali na ba shi labarin Balian na gaskiya. Ba maƙeri ba ne daga Faransa kamar yadda fim ya nuna. Basarake ne, ɗan ƙasar, mijin Maria, wadda ta taɓa zama sarauniyar Ƙudus. Bayan Hiɗɗin ya nemi izinin Salahuddin ya shiga garin ya kwashe iyalinsa, aka ba shi bisa rantsuwar zai kwana ɗaya kawai kuma ba zai ɗau makami ba. Da ya shiga, mutanen garin suka riƙe shi suna roƙon ya jagorance su. Sai ya aika wa Salahuddin yana ba da uzuri. Salahuddin ya karɓi uzurin, sannan ya sa aka raka matarsa da 'ya'yansa har inda za su tsira, alhali mijin yana ciki yana shirin yaƙarsa. Kuma marubutan Kiristoci ne suka adana wannan labarin.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, me ya hana su saka wannan?" Na ce ai sun riga sun mai da Balian gwauro mai neman matar sarki, babu sauran matar da za a raka.

Ya tambaye ni ko ya goge bidiyon, don ya riga ya tura shi wurare da yawa. Na ce ya koma duk inda ya tura ya rubuta cewa wasan fim ne, ya kuma ba da labarin cocin da na kuɗin fansar yadda suke. Shekaranjiya ya zo ya ce ya yi. Ya ce kusan ba wanda ya tanka, sai wani abokinsa da ya ce masa ya daina kwaso maganganun Turawa yana ɓata sunan Salahuddin. Na ce ya gaya wa abokin cewa adadin waɗanda suka shiga bautar daga Imadud Din Al-Isfahani ya fito, magatakardan Salahuddin, wanda ya zo garin a kwanakin da ake karɓar fansar.